Suna da Lamba: Sharhi a kan Yadda Tsarin Unix ke Nuna Mutum da Rukuninsa, da Matsayin Hausa a Ciki

1.0 Gabatarwa

Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a Yamai cikin watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk lokacin da aka ta da zancen abin da wannan mataki ya ƙunsa, hankali yakan tafi ga makaranta da kotu da gidan rediyo. Akwai kuma wani fage da ba a cika waiwaya ba, wato na'urorin da ma'aikatu da jami'o'i ke ajiyar takardunsu a ciki. Irin waɗannan na'urori mutane da yawa ne ke tarayya a kansu, kuma kafin su buɗe wa kowa takarda sai sun tantance ko shi wane ne, da kuma jama'ar da aka lissafa shi a cikinta.

Wannan maƙala sharhi ce a kan layi guda na rubutu, wanda tsarin Unix da danginsa irin su Linux ke fitarwa idan aka ba su umarnin id. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, na'ura lamba kaɗai take dubawa. Sunan da ke biye da lambar domin ɗan Adam aka sa shi. Saboda haka kyau ko munin wannan suna al'amari ne na harshe, kuma hakkin masana harshe ne su duba shi. Za a ga cewa yadda ake tafiyar da shi a Hausa yana da rauni ta fuska uku: kalmomin da ake fassarawa, sunayen da ake rubutawa, da wani bambancin ma'ana da ke ɓacewa a tsakani.

2.0 Layin da ake magana a kansa

An fara gina Unix a 1969 a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. A wancan zamani na'ura ɗaya ce ke ɗaukar ma'aikata da dama, don haka tun daga tushe aka ba kowane mai shiga lamba tasa, aka kuma rataya wa kowane fayil lambar mai shi. Linux, wanda ya fito a 1991, ya gaji wannan tsari kusan yadda yake. Idan mutum ya zauna gaban irin wannan na'ura a Yamai, wadda aka saita da Faransanci, ya buga id, zai ga abu mai kama da wannan:

(1) uid=1004(danladi) gid=1004(danladi) groupes=1004(danladi),1010(malamai),1012(baki)

Kashi na farko lambar asusunsa ce da sunan da ke manne da ita. Na biyu lambar babban rukuninsa. Na uku jerin dukan rukunan da yake ciki. Na'urar tana samo sunayen ne daga wasu fayiloli biyu, /etc/passwd da /etc/group. A na farkon kowane asusu yana da layi ɗaya mai gurbi bakwai, an raba su da ruwa biyu:

(2) danladi:x:1004:1004:Ɗanladi:/home/danladi:/bin/bash

Abin lura a nan shi ne, fayil ba ya riƙe da sunan mai shi, lamba yake riƙe da ita. Ana iya gane haka ta hanya biyu. Idan aka soke asusun mutum aka bar fayilolinsa, jerin da na'ura ke nunawa zai fito da lamba tsirara a inda suna yake a da. Idan kuma aka cire faifan ajiya daga wata na'ura aka kai shi wata, inda lamba 1004 ta wani ce dabam, to sunan wancan ne zai bayyana a matsayin mai fayilolin, kuma shi za a buɗe wa. Haka nan asusun da ake kira root, wanda ke da iko a kan kome, ikonsa daga lamba 0 yake, sunan ba ya ƙara masa kome. Hausawa sun ce suna linzami; a wurin na'ura kuwa lamba ce linzamin, suna alama ce da aka rataya don mai karatu.

Kalma ɗaya tak ce ta sauya a misali na (1), wato groupes. Tarin umarnan GNU da ake kira coreutils, inda id na Linux yake, ana rarraba shi tare da fassara cikin harsuna da dama. Daga Afirka akwai Afirkans da Luganda na ƙasar Uganda a cikinsu, amma babu Hausa. Ke nan aikin bai kankama ba tukuna, kuma yanzu ne lokacin gyara kalmomi, kafin su kafu a yi ta fama da su.

3.0 Kalmar "mai amfani"

Kalmar da Faransanci ke cewa utilisateur, a wayoyin hannu da shafukan intanet da aka mayar Hausa an saba ganin ta a matsayin "mai amfani". Wannan fassara ce ta kalma da kalma, kuma ta saɓa wa ginin jimlar Hausa. A dubi waɗannan:

(3) Wannan littafi mai amfani ne.
(4) Shi ne mai amfani da littafin.

A (3), "mai amfani" sifa ce, ma'anarta abin da ke da fa'ida. A (4) ne kawai take nufin wanda ke aiki da abu, kuma abin da ya ba ta wannan ma'ana shi ne "da" tare da sunan da ke biye. Idan aka yanke "da littafin", jimlar ta koma ma'anar (3). Saboda haka "sunan mai amfani", ga kunnen Bahaushen da bai san Faransanci ko Ingilishi ba, sunan wani mutumin kirki ne mai fa'ida. Abin ya fi muni a saƙon kuskure. Idan aka tambayi id labarin sunan da babu shi, takan amsa cewa babu irin wannan asusu. In aka bi waccan fassara sai a sami "babu mai amfani", wanda zagi ne ga dukan ma'aikatan ofis.

Akwai matsala ta biyu, wadda ta fi ta nahawu zurfi. Yawancin layukan da ke cikin /etc/passwd ba na mutane ba ne. A tsarin Debian lambobi daga 0 zuwa 999 an keɓe su ga ayyukan na'ura, mutane sai daga 1000 suke farawa. Asusun www-data, mai lamba 33, manhajar da ke raba shafukan intanet ce ke aiki da shi. Asusu mai lamba 65534 kuwa an yi shi ne domin aikin da ba a so ya mallaki kome. Duk kalmar da ke nuni ga ɗan Adam, kamar "ma'aikaci" ko "ma'abuci", ba za ta rufe waɗannan ba. Ga shi kuma kalmomin biyu suna bambanta jinsi, sai an ce "ma'aikaciya" ko "ma'abuciya", alhali babu gurbin jinsi a cikin gurabe bakwai ɗin.

Mafita ita ce a raba abin da Faransanci da Ingilishi suka haɗe. Inda na'ura ke nufin layin da aka ajiye, a ce "asusu". Kalmar ta riga ta tashi daga akwatin tara kuɗi ta koma banki, daga banki ta shiga intanet, jama'a sun saba da ita. Inda ake nufin mutumin da ke zaune gaban allo, a ce "mai asusu", jam'i "masu asusu". "Mai" a nan ta mallaka ce, kamar a "mai gida" ko "mai gona", ba ta bukatar wani ciko, ba ta kuma bambanta namiji da mace.

4.0 Ƙungiya ko rukuni

Ga kalmar groupe, Hausa tana da zaɓi mai yawa: ƙungiya, rukuni, gungu, taro, ayari, jama'a. Mai fassara yakan ɗauki wadda ta fara zuwa masa, galibi "ƙungiya". Kafin a zaɓa ya kamata a tambayi me abin yake yi. A Unix kowane fayil yana da izini iri uku, na karantawa da na rubutawa da na aiwatarwa, kuma ana ba da su ga ɓangare uku: mai fayil, waɗanda ke rukunin fayil, da sauran jama'a. Mutum ba ya shiga rukuni da kansa. Mai kula da na'ura ne ke sa shi, yana iya cire shi ba tare da ya sani ba. Waɗanda ke ciki ba sa taro, ba su da shugaba, wataƙila ma ba su san juna ba.

Ƙungiya kuwa, a Hausar yau da kullum, abu ce da mutane ke kafawa da nufinsu, kamar ta manoma ko ta direbobi ko ta ƙwallon ƙafa. Gungu da taro suna bukatar a haɗu wuri ɗaya. Ayari tafiya yake yi. "Rukuni" ce kaɗai ke nufin kason da wani ya kasa bisa wata ƙa'ida, kamar yadda masu nahawu ke cewa rukunan kalmomi. Ita ta dace, kuma tana da wata falala da za a gani a gaba: babu harafi mai ƙugiya a cikinta.

Da farko mutum rukuni ɗaya yake aiki da shi a lokaci guda. A farkon shekarun 1980 ne reshen Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ba da damar kasancewa cikin rukunai da yawa a tare. Daga nan aka sami bambancin da misali na (1) ke nunawa. Rukunin da ke gurbi na huɗu na (2) shi ne sabon fayil ke ɗauka idan mutum ya ƙirƙire shi. Sauran suna buɗe masa ƙofofi ne kawai. Ana iya kiran na farko "rukunin gida", sauran kuma "rukunan ƙari". Bahaushe ya san mutum gida ɗaya yake da shi wanda ake danganta shi da shi, ko da yana shiga gidaje goma.

5.0 Sunan da aka cire wa ƙugiya

Nan ne rauni ya fi tsanani. Ƙa'idar POSIX, wadda tsare-tsaren Unix ke bi don su dace da juna, ta iyakance haruffan sunan shiga da ake tabbatar da zai yi aiki ko'ina: haruffan Ingilishi 26 manya da ƙanana, alƙaluma 0 zuwa 9, aya, karan ɗori, da layin ƙasa. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ, babu hamza. Shi ya sa Ɗanladi ya koma danladi a (1), rukunin baƙi kuma ya koma baki.

Waɗannan haruffa ba ado ba ne. Kowannensu ƙwayar sauti ce mai rarrabe ma'ana:

(5) bari / ɓari. Da / ɗa. Kafa / ƙafa. Karya / ƙarya. Baki / baƙi

An kuma sha wahala kafin su zauna. Marubutan boko na farko sun gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da alama a gefensa, kafin haruffa masu ƙugiya su kafu cikin shekarun 1930. Taron UNESCO na Bamako a 1966 da na Yamai a 1978 sun yi aiki a kan daidaita haruffan harsunan Afirka, kuma ƙudurin ma'aikatar ilimi ta Nijar na 1999 ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar, tare da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Ta fuskar fasaha ma babu cikas: haruffan huɗu, manya da ƙanana, suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma tsarin UTF-8 da ke ɗaukar su Ken Thompson ɗin nan ne da Rob Pike suka tsara shi a 1992.

A Nijar matsalar ninki biyu ce, domin tun kafin na'ura ta zo, rajistar haihuwa ta riga ta rubuta sunaye da ƙa'idar Faransanci. Shu'aibu ya zama Chaïbou, Usmanu ya zama Ousmane, Maraɗi ta zama Maradi, Birnin Ƙonni ya zama Birni N'Konni. Jami'ar Maraɗi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, inda "ɗan" ya fito sau biyu ba ƙugiya. Idan aka zo buɗe asusu, ɗigo biyun da ke kan ï su ma ba sa shiga, sai a sami chaibou. Mutum ɗaya ke nan da rubutu uku: wanda aka raɗa masa, wanda hukuma ta rubuta, da wanda na'ura ta karɓa.

Tsawon suna ma yana da nasa lahani. Umarnin ps, mai nuna ayyukan da ke gudana da masu su, a Linux yakan ba suna gurbin harafi takwas. In ya wuce, sai ya ɗauki bakwai ya ƙara alamar tarawa. Abdurrahman da Abdurrahim da Abdurrashid da Abdurrazaƙ duka za su fito a matsayin abdurra+. Mai kula da na'ura da ke neman wanda aikinsa ya cika ta, in ya dogara ga wannan jeri, yana iya tsayar da aikin wanda bai ji ba bai gani ba.

Sai dai adalci ya wajaba: ƙa'idar POSIX tana da hujja. Hamza kaɗai ana iya buga ta da alamomi uku masu kama da juna a ido, amma lambobinsu a Unicode dabam ne, watau U+0027 da U+2019 da U+02BC. Da za a yarda da su, sai a sami asusu uku masu suna sa'adu, ido ba ya rarrabe su, wanda ƙofa ce ga mai son shiga rigar wani. Ta farkon ma tana da aiki na musamman a harshen umarni. Allon bugu na AZERTY da aka saba da shi a ofisoshin Yamai ba shi da maɓallin ƙ ko ɗ, don haka wanda aka sa wa su a sunan shiga zai iya kasa buɗe asusunsa. Kuma ko da ƙugiya harshen damo bai ƙare ba, tun da boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: "baƙi" na iya zama maziyarta, yana iya zama launi. A ƙarshen 2024 masu haɗa Debian sun yi doguwar muhawara a kan ko a buɗe wa sunayen shiga ƙofar UTF-8. Irin wannan muhawara za ta sake tasowa, kuma harshen da ya riga ya tsayar da matsayarsa a rubuce shi ake iya saurara.

Abin zargi ke nan ya ragu zuwa abu biyu. Na farko, babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita ta mayar da sunan Hausa zuwa sunan shiga, kowane mai kula da na'ura da tasa. Na biyu, gurbi na biyar na (2), wanda aka tanada don cikakken suna, yana karɓar haruffa masu ƙugiya a na'urorin da ke aiki da UTF-8, amma sau da yawa akan bar shi wayam ko a kwafe rubutun Faransanci a ciki. Umarnin id ba ya nuna wannan gurbi. Getent passwd da finger su ke nuna shi.

6.0 Ni wane ne, da yawun wa

Émile Benveniste ya nuna cewa wakilin suna na mutum na farko ba shi da tsayayyen abin da yake nuni gare shi, duk wanda ya furta shi a wannan lokaci shi yake nufi. Umarnin whoami tambaya ce irin wannan. A Hausa ma tilas ta rabu biyu saboda dirka, "ni wane ne" da "ni wace ce", wanda dalili ne na barin sunan umarnin yadda yake, a fassara bayaninsa kawai.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne amsar. Kowane aiki da ke gudana yana ɗauke da lamba biyu. Ɗaya ta wanda ya ta da aikin, ɗaya ta wanda ake duba ikonsa idan aikin ya nemi buɗe fayil. Galibi ɗaya suke. Suna rabuwa ne a wurare irin na canza kalmar sirri: fayil ɗin da ke riƙe da kalmomin sirri root kaɗai ke iya rubutu a cikinsa, amma kowa yana iya canza tasa, domin umarnin passwd yana ɗaukar ikon root na ɗan lokacin da yake aiki. Dennis Ritchie ne ya ƙago wannan dabara, aka ba da takardar mallakar fasaharta a 1979. Idan lambobin biyu suka bambanta, id yakan ƙara kashi mai alamar euid. Umarnin whoami lamba ta biyu yake bi, logname kuwa sunan da aka shiga da shi yake faɗa.

Faransanci yana kiran su réel da effectif. Mai fassara da ƙamus zai ce "na gaskiya" da "mai tasiri" ko "mai inganci", sai mai karatu ya ɗauka ɗayan na ƙarya ne ko maras kyau. Alhali Hausa ta daɗe da sanin wannan bambanci. Wakilin da sarki ya aika, shi ne dai da jikinsa da sunansa, amma da yawun sarki yake magana, kuma yawun ake yi wa biyayya. Don haka "lambar asali" ta dace da ta farko, "lambar iko" ta dace da ta biyu. Rikita su yana da haɗari a aikace: wanda ya manta cewa da ikon root yake aiki, umarni ɗaya ya isa ya share takardun ma'aikata gaba ɗaya.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya tsayar da shawarwari kamar haka.

(a) A yi watsi da "mai amfani" maras ciko. A riƙi "asusu" da "mai asusu".
(b) A riƙi "rukuni", jam'i "rukunai", tare da "rukunin gida" da "rukunan ƙari".
(c) A riƙi "lambar asali" da "lambar iko".
(d) A bar uid da gid da root yadda suke, kamar yadda fassarar Faransanci ta yi, domin alamu ne da wasu manhajoji ke karantawa. "Saiwa" ko "tushe" ba za su gaya wa kowa kome ba.
(e) Ga mai sunan Hausa, sunan shiga ya tashi daga rubutun boko, a sauke ƙugiya da hamza bisa ƙa'ida ɗaya rubutacciya, a kuma kula da haruffa bakwai na farko kada su yi karo da na wani.
(f) Cikakken suna, da ƙugiyarsa da hamzarsa, ya zama wajibi a gurbi na biyar.
(g) Ga sunayen rukunai, tun da zaɓi a hannu yake, a nemi kalmar da ba ta lalacewa idan an sauke ƙugiya: "maziyarta" a madadin "baki".

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sauya ginin na'ura. Abin da suke bukata shi ne zama ɗaya tsakanin masana harshe da masu kula da na'urori na ma'aikatu da jami'o'i, a fito da ɗan jerin keɓaɓɓun kalmomi, a kuma daidaita shi da abokan aiki na Kano da Zariya da Sakkwato don kada a sami Hausa biyu a kan allo ɗaya. Bayan haka sai a miƙa fassarar ga masu rarraba coreutils, kamar yadda masu Luganda suka yi.